Kwana Uku a Laranto, Tsakanin Tsatsa da Fenti

Tun daga Saminaka na ji motar ta canza murya. Peugeot 504 ce ta marigayi mahaifina, ƙirar Kaduna, kuma wanda ya girma a cikin mota yana gane tarinta kamar yadda uwa ke gane na ɗanta. Na baro Kano bayan sallar asuba, na bi ta Kwanar Ɗangora da Tudun Wada, na ratsa dajin Falgore ba ta ce uffan ba. Da muka wuce Jengre hanya ta fara hawa, allurar zafi ita ma ta kama hawa. Farin hayaƙi ya riƙa fita ta salansa, mai kauri kamar tururin tukunya. Sau uku ina tsayawa a gefen titi ina jiran lagireto ya huce in ƙara masa ruwa. Na shiga Jos ta Mista Ali da la'asar sakaliya, a giya ta biyu, sanyin Disamba yana dukan fuskata, injin kuma yana tafasa a gabana.

Ɗaurin aure ne ya kawo ni. Mai masaukina ya saurari labarin motar, ya ce kada in wahalar da kaina, gobe da safe mu kai ta Laranto wajen wani dattijo da ya ƙware a kan tsofaffin Fijo.

Wanda bai san Jos ba, idan aka ce masa Laranto ba lallai ya gane ba, amma idan aka ce Katako zai ɗaga kai. Nan kasuwar katako take, da 'yan hatsi, da 'yan gwanjo masu rigunan sanyi jibge a kan tebura. Ƙarar injin yankan katako ce ke fara tarbar mutum, sai ƙamshin ɗanyen itace. Garejin da muka nufa yana can baya, fili ne kawai da rumfar kwano da bishiyar mangwaro ɗaya. Abin da na fara lura da shi shi ne ƙasar wurin: an shimfiɗe ta da garin katako. Yaran gareji suna ɗebo shi buhu-buhu daga wajen maƙwabtansu, suna zubawa duk inda baƙin mai ya tsiyaya, ya tsotse, su share. Kasuwar nan ta ƙone a rikicin Nuwamba 2008, kamar yadda babbar kasuwar Taminus ta ƙone a 2002, kuma har yanzu idan hira ta yi nisa za ka ji mutane suna lissafin shekaru da "kafin wuta" da "bayan wuta". Sun sake kafa rumfunansu, suna ta sana'a.

Dattijon, wanda yaransa ke kira Oga, ni kuma na kira shi Baba, ya amsa sallamarmu, ya tambayi hanya da mutanen Kano, sannan ya ce a buɗe bonet. Injin ya bayyana yana walƙiya fari fat kamar sabon kwanon sha. Wata huɗu kafin wannan tafiya na kai motar wani gareji a Kano, aka ce mini an yi mata gyara na gaske, aka dawo mini da ita a haka, na biya ina murna. Baba ya daɗe yana kallo. Ya sa farcen babban yatsansa a gefen bulok ya kankara, fentin ya ɓare kamar ɓawon albasa, ja-ja-jan tsatsa da dattin mai suka fito a ƙarƙashi.

"Alhaji, wanda ya yi maka wannan ko wanke shi bai yi ba," in ji shi. "Dubi nan. Har kan roba ya fesa, har kan waya, har kan noti."

Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ba kuɗin ne suka fi ci mini rai ba. Fentin nan ya rufe mini ido. Da injin yana nan da dattinsa, da na ga sawun ruwa mai tsatsa yana gangarowa daga tsakanin tof, wato kan injin, da bulok, wato gangar jikinsa, tun kafin in kama hanyar kilomita ɗaruruwa. Kyan ɗan maciji aka sayar mini. Kuma wannan ɗabi'a ta zama ruwan dare a kasuwannin kayan mota: a ɗauko injin da ya gama shan wahala a titunanmu, a watsa masa fetur, a fesa masa fentin azurfa, a jera shi cikin 'yan Beljiyam, wato waɗanda aka shigo da su daga Turai.

Kafin azahar sun sauke tof. Injin 504 kwance yake a karkace cikin mota, gangar jikinsa baƙin ƙarfen zubi ce, kansa kuma alminiyum, kuma ramukan da fistin ke kai-komo a ciki hannayen riga ne na ƙarfe da ake zarewa a sa wasu, waɗanda makanikai ke kira silif. Ruwan sanyaya injin yana zagaye su kai tsaye. Wani yaro ya kai hannu zai juya injin don ya ga fistin, Baba ya daka masa tsawar da ta sa ni ma na zabura. Daga baya ya yi mini bayani: idan an cire tof, ba abin da ke danne silif, ana juya injin sai fistin ya turo su sama, abin da ya toshe gindinsu ya motsa, ruwa ya samu hanyar gangarawa cikin mai. Ya sa aka danne su da manyan wasa da noti kafin kowa ya sake taɓawa.

Gaskit ya ƙone tsakanin rami na biyu da na uku. Wannan kowa ya gani. Abin da Baba ya nuna mini da bakin sukudireba shi ne fuskar tof ɗin, inda alminiyum ya zagwanye a bakin hanyoyin ruwa, ya yi ƙananan ramuka kamar zanen ƙyanda, da wani farin gari-gari a kai. Ya tambaye ni wane ruwa nake zuba wa lagireto. Na ce na rijiya, ko na famfo, duk wanda ya samu. Ya gyaɗa kai. Ƙarfe iri biyu idan suka haɗu a cikin ruwa ɗaya, ɗayan yana cin ɗayan a hankali, kamar yadda batir ke aiki, kuma a nan alminiyum ne ke shan kashi. Ruwan nan mai launi da ake sayarwa a galan, wanda yawancinmu muke ɗauka na ƙasashen ƙanƙara ne kawai, yana ɗauke da sinadaran da ke hana wannan cin. Mahaifina ya yi shekaru yana tuƙa motar nan da ruwan rijiya, ni ma na ɗora, kuma ga sakamakon a tafin hannun Baba.

Daga nan aikin da ya riƙe ni kwana uku ya fara, kuma kusan dukkansa wanki ne da kankara. An yanka tsohuwar durom gida biyu, an zuba kananzir, yara biyu suka zauna a kan tayoyi da burushi suna wanke kaya ɗaya bayan ɗaya. Baba ya raba kayan kashi biyu a kan buhu, baƙin ƙarfe gefe guda, alminiyum gefe guda, domin kowanne da irin hannun da yake so. Baƙin ƙarfe yana jure burushin waya, yana jure soda. Alminiyum kuwa idan ka jiƙa shi a ruwan soda, narkewa yake yi, ya yi baƙi yana kumfa. Burushin waya mai ƙarfi kuma yana yi masa zane, zanen da daga baya zai zama hanyar ruwa ko ta iska. Da wata tsohuwar reza mai faɗi Baba ya kankare ragowar gaskit daga fuskar tof, a kwance yake riƙe da ita, yana tura ta a hankali kamar wanzami a kan jariri.

Da fuskar ta fito fes, ya ɗauko wani miƙaƙƙen ƙarfe mai kama da rula ya ɗora a kai, a tsaye, a kwance, da kusurwa zuwa kusurwa. Ya ce in durƙusa in duba ta wajen rana. A tsakiya na ga siririn haske yana ratsowa ƙarƙashin ƙarfen. Ya zaro 'yan siraran ƙarafan awo masu kama da ganyen wuƙa, ya riƙa cusawa ɗaya bayan ɗaya har ya samu wanda ya shige. Zafi ya lanƙwasa tof ɗin. Lanƙwasar da ta wuce kaurin gashin kai guda ta isa ta hana sabon gaskit zama, komai tsadarsa.

"Sai an yi masa aski," in ji Baba. "Amma kaɗan. Wanda aka aske ba ya tsirowa."

Muka sa tof a Keke Napep muka nufi wajen masu injin yankan ƙarfe, daga can kuma muka biya Dilimi sayen gaskit da roba da fenti. A Dilimi wani ɗan kasuwa Ibo ya tarbi Baba da Hausa garau, irin ta Jos mai sauri, yana ce masa "Baba, kwana biyu", ya fito da gaskit iri uku ya faɗi gaskiyar kowanne. Baba ya lanƙwasa su a hannu, ya duba zoben ƙarfen da ke bakin ramuka, ya zaɓi na tsakiya a kuɗi. A shagon askin na tsaya ina kallon wuƙar injin tana zagayawa a kan alminiyum. Zagayen farko gefe da gefe kawai ta taɓa, tsakiya ya rage da duhunsa kamar tsibiri. A na biyu tsibirin ya ƙanƙance. A na uku ya ɓace, fuskar duka ta zama launi ɗaya mai siraran layuka, mai injin ya kashe nan take. Wannan sheƙi da na fentin da aka yi mini a Kano, ido zai iya ɗaukarsu abu ɗaya. Na farko an same shi ne ta hanyar cire abin da ya lalace har aka isa ga lafiyayyen ƙarfe, na biyu kuma ta hanyar lulluɓe shi.

Da daddare, a wajen mai shayi kusa da masaukina, ina rungume da kofi saboda sanyi, tunanina ya tafi kan garin kansa. Jos tana zaune a tudu mai tsayin kusan mita 1,200, kuma kuza ce ta kafa ta. Tun kafin zuwan Turawa, maƙeran Riruwai, can ƙasar Doguwa da na ratso a hanyata ta zuwa, suna narka kuza su fitar da dalma sirara kamar tsinke, fatake su kai ta kasuwanni. Wannan dalma ce ta ja hankalin kamfanin Neja har ya turo masu bincike a farkon shekarun 1900. Aka shimfiɗa ƙaramin layin dogo daga Zariya, ya iso Bukuru a 1914, ya yi aiki har 1957. A lokacin yaƙin duniya na biyu, bayan Japan ta ƙwace ma'adinan Malaya a 1942, aka riƙa kwaso mutane daga lardunan Arewa ana kawo su aikin tilas a ramukan kuza, da yawa sanyin tudun nan da cuta suka kashe su. Kakannin mutane da dama da ke Laranto da Gangare da Dilimi ta wannan hanya ko ta fatauci suka zo. To, me duniya take yi da kuzar? Ɗaya daga cikin manyan ayyukanta shi ne a shafa ta siririya a jikin ƙarfe don kada ya yi tsatsa. Gwangwanin madara da na sadin da ita ake lulluɓe su. Har a cikin injin mota tana nan, a jikin 'yan ɓawon nan masu laushi da kuranshaf ke juyawa a kansu, waɗanda makanikai ke kira metal. Farashin kuza ya rushe a kasuwar duniya a 1985, manyan kamfanoni suka watse, suka bar tafkuna masu zurfi a ko'ina cikin Filato. Garin da ya yi shekaru yana aika wa duniya maganin tsatsa, yau 'ya'yansa suna zaune a kan taya suna kankare ta da hannu daga jikin motocin da Turai ta gama da su.

Rana ta biyu ta bawul ce. Baba ya shafa wa bakin kowane bawul wani man shafawa mai yashi-yashi, ya mayar da shi mazauninsa, ya manna masa sanda mai robar tsotso a kai, ya riƙa murza sandar tsakanin tafukansa kamar mai burga miya. Yana murzawa yana ɗagawa yana juyawa kaɗan. Da farko ƙarar tana da kaushi, can sai ta yi laushi, kuma da kunne yake gane lokacin tsayawa. Bawul takwas, kowanne sai da ya samu zobe mai launin toka a bakinsa, ba yankewa. Bayan ya ɗaure su ya kifa tof, ya zuba kananzir a ramukan, ya ce mu je mu ci abinci. Muka ci masa da miya a bakin kasuwa. Da muka dawo kananzir yana nan yadda aka bar shi a rami uku, na huɗu ya ragu kaɗan. Ya sake kwance wannan ɗaya ya koma murza. Sannan aka wanke komai sau biyu, aka busa da iskar kwamfiresa, domin ƙwayar yashi ɗaya idan ta rage a hanyar mai, ita za ta ci gaba da aikin murzar a cikin injin har ta cinye shi. Saboda wannan dalili ne Baba ba ya yarda a kai kayan cikin injin wajen masu fesa yashi, duk da saurin aikinsu.

Sai a rana ta uku aka zo kan fenti, wanda ni da farko na ce a bar shi gaba ɗaya, tunda shi ya cuce ni. Baba bai yarda ba. Ya ce damunar Jos ba irin ta Kano ba ce, ruwa kusan wata shida, ga raɓa, kuma ƙarfen da aka kankare aka bar shi tsirara kafin gobe ya fara ja. Fenti yana da aikinsa idan ya zo a ƙarshe, a kan ƙarfe mai tsabta.

Murfin saman injin da ƙafafunsa da bututun ruwa aka fara kankarewa da burushin waya, sannan samfefa, daga mai kaushi zuwa mai laushi. Yawan lambar da ke bayan takardar, yawan laushinta. Inda tsatsa ta yi rami, aka shafa wani ruwa mai tsami da ke mayar da ita baƙa ta daina ci. Na tuna kakata tana goge tasoshin tagulla da tsamiya da toka, hikimar ɗaya ce. Aka goge komai da tina, kuma daga wannan lokaci Baba ya hana kowa taɓawa da hannu, don maiƙon yatsa kaɗai yana hana fenti kamawa. Da tsofaffin jaridu da salatif suka rufe duk inda bai kamata fenti ya je ba: fuskar da gaskit zai zauna, zaren noti, cikin murfi inda mai ke wanka, da ɗan wurin da wayar batir ke kama jikin injin, wanda idan fenti ya shiga tsakani mota sai ta riƙa ƙin tashi ba a san dalili ba. Lambar injin da aka buga a jikin bulok kuwa, ya ce ko samfefa kada a kai kusa da ita, da tsumma kawai za a goge, domin ranar da ɗan sanda ya ga alamar kankara a kan lamba, bayani zai yi tsawo.

Ba a fesa da sassafe ba. Aka jira rana ta ɗaga, ƙarfe ya ɗumama, sanyi ya saki. Wani yaro ya yayyafa ruwa a ƙasa kewaye da wurin don ƙurar hunturu da garin katako su kwanta. Shafin farko na share fage ne, siriri har ana hango ƙarfe ta cikinsa. Aka jira. Sannan baƙin fenti, sau uku, kowanne siriri, da jira a tsakani. Mai gaggawa yakan zuba shi da kauri sau ɗaya, ya yi hawaye, samansa ya bushe cikinsa ɗanye. Bututun da ke kwashe hayaƙi daga injin nasa fentin daban ne, mai jure wuta, domin zafin wurin yana kai ɗaruruwan digiri kuma fenti na yau da kullum ƙonewa yake yi cikin mintoci. Tof ɗin kuwa da kafireto ba a shafa musu komai ba. Alminiyum yana yi wa kansa wata siririyar fata da zarar iska ta taɓa shi, ita ke kare shi, kuma Baba yana son ya bar shi a fili yadda duk ɗigon mai ko ruwa zai nuna kansa.

Akwai abin da ya tsaya mini a rai a wurin nan, kuma na faɗa wa Baba. Yaron da ya yi fesar, ɗan shekara goma sha biyar ko sha shida, tsumma kawai ya ɗaura a hanci. Hannayen yaran duk sun tsattsage saboda wanka da fetur da kananzir, ga sanyi. Ragowar baƙin mai da ƙazamin kananzir, wanda garin katako bai tsotse ba, kwata yake bi, kwatocin garin kuma rafi suke gangarawa, inda masu lambu ke ban ruwan kabeji da karas ɗin da ake lodi a Farin Gada. Mutumin da ke kiyaye fuskar alminiyum daga zane ɗaya ya cancanci a samar masa abin da zai kiyaye huhun yaransa. Baba ya saurare ni bai katse ni ba, ya ce gaskiya ne, ya ce shi ma tarin da yake yi da asuba ya san daga ina ya samo shi. Kafin in tafi na koma kasuwa na sayo abin rufe hanci mai matata guda biyu da safar hannu ta roba. Na san ba su isa ba.

Da yamma aka mayar da tof. Baba da kansa ya ɗaure notocin, daga tsakiya yana fita waje, gefe da gefe, zagaye bayan zagaye, da sufana mai awon ƙarfi da yake ajiyewa cikin tsumma a akwatinsa. Aka wanke lagireto har ruwan da ke fita ya daina ja, aka cika shi da ruwan galan mai launin kore. Aka sa sabon mai. Yaro ya murza makulli, ta yi tari biyu ta kama. Wani siririn hayaƙi mai wari ya tashi daga bututun hayaƙi, na dubi Baba, ya ce fentin ne ke gasuwa, zai daina. Ya shimfiɗa farar takarda a ƙarƙashin motar, ya bar ta tana aiki har aka kira magariba. Da muka dawo daga masallaci ya jawo takardar ya miƙo mini, ba ɗigo ko ɗaya.

"Alhaji, idan ta yi kilomita dubu, ka sa a sake ɗaure notocin nan, injin yana sanyi, a kuma sake saita bawul," in ji shi. "Kada ka manta. Kuma ruwan rijiya, ka bar wa shuka."

"In sha Allahu, Baba. Allah ya saka da alheri, ya ƙara lafiya."

Washegari na kama hanya bayan hantsi, da buhun dankalin Turawa da kwandon tumatir a but. Gangaren Jengre ya wuce, allura tana tsaye ƙasa da tsakiya. A Saminaka na tsaya shan mai, na buɗe bonet. Baƙin murfin ya riga ya yi ƙura. Na bi layin da ke tsakanin tof da bulok da yatsa, daga gaba har baya, na duba yatsan a rana, a bushe yake. Na rubuta lambar kilomita a bayan rasit ɗin mai, na ƙara dubu a kai, na soke shi a jikin madubi.